Wa Ya Biya Kuɗin Hawayen? Martani Kan Tsorata Ƙananan Yara a Wajen Ɗaukar Fim

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci, wanda zan riƙa kira Malam, ya fitar kwanan baya a kan yadda ake ɗaukar fim da ƙananan yara. Hujjarsa a dunƙule ita ce yaron da bai kai shekara 5 ko 6 ba bai san wasan kwaikwayo ba, don haka darakta ba shi da mafita sai ya samo ainihin kuka da ainihin firgici ta duk hanyar da ta samu. In ta kama a ce wa yaro uwarsa ta tafi ta bar shi, a faɗa masa. In ta kama a daka masa tsawa, a daka. Abin minti biyu ne a wurin Malam: a share hawaye, a miƙa alewa, yaro ya manta, fim kuwa ya rayu har jikoki su gani. Ya jero manyan daraktocin duniya a matsayin shaidunsa, sannan ya ce mu da ba mu da kuɗin Holiwud mun fi kowa buƙatar wannan dabara.

Wani ɓangare na maganarsa ba ni da ja a kai. Ɗan shekara 3 ba ya haddace takarda, ba ya riƙe tsayuwar da aka nuna masa, kuma da zarar ya gaji ya gaji ke nan, ko sarki ne ke jiransa. Dole sai da dabara. Inda muka raba hanya shi ne Malam ya kwashe dabaru iri-iri, masu kare yaro da masu cutar da shi, ya zuba su a buhu guda ya ɗaure ya rubuta “gwaninta” a jiki.

Babban shaidan da ya dogara da shi shi ne fim ɗin Skippy na 1931. Jackie Cooper yana ɗan shekara 8 aka buƙaci ya yi kuka, kukan ya ƙi zuwa. Darakta Norman Taurog, wanda mijin 'yar'uwar mahaifiyar yaron ne, ya sa aka janye karen da yaron ke so zuwa inda ba ya gani, aka ce za a harbe shi, sai ga ƙarar bindiga. Yaro ya ɓarke da kuka, kyamara ta ɗauka. Kare na nan lafiya lau. Taurog ya lashe Oscar na gwarzon darakta, Cooper kuma ya shiga jerin 'yan takarar gwarzon jarumi yana shekara 9. A nan Malam ya ajiye alƙalami, kamar labari ya ƙare.

Labarin bai ƙare a nan ba. Cooper ya girma, shi ma ya zama darakta har ya ci lambobin yabo a talabijin. A 1981, shekara 50 cif bayan wancan harbi, ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa, kuma sunan da ya zaɓa wa littafin roƙo ne cewa don Allah kada a harbe masa karensa. Mutum ya yi yaƙin duniya a sojan ruwa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya fito a fina-finan Superman, amma da aka ce ya taƙaita rayuwarsa a layi ɗaya a bangon littafi, wancan yinin ya koma. Wannan shi ne yaron da Malam ya ce alewa tana mantar da shi.

Ba shi kaɗai ba ne. Shirley Temple, wadda ta fara fim tana shekara 3, ta rubuta a littafinta na 1988 yadda ake hukunta yaran da suka ɓata lokaci a gajerun fina-finanta na farko: akwati ne mai duhu, babu wurin zama a ciki sai ƙatuwar ƙanƙara. Ta haura shekara 60 tana tuna sanyin. Charlie Chaplin da kansa ya ba da labarin cewa a fim ɗin The Kid na 1921, mahaifin Jackie Coogan ne ya ja ɗansa gefe ya tsorata shi da cewa in bai yi kuka ba za a ɗauke shi daga wurin a kai shi gidan marayu da gaske. A labarin Cooper da na Coogan, abin da aka yi amfani da shi amana ce: yaro ya yarda da maganar don bakin da ya faɗa masa na kawunsa ne ko na ubansa. Da baƙo ne ya faɗa, da dabarar ba ta ci ba.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mai nazarin fim ya yi hattara da shi. Daraktoci suna son irin waɗannan labarai, don suna nuna su kamar bokaye masu iya tatso hawaye daga dutse. Vincente Minnelli ya ce shi ma da labarin mutuwar kare aka sa Margaret O'Brien kuka a Meet Me in St. Louis na 1944. Ita kuwa ta sha musanta haka. Ta ce mahaifiyarta ce kawai ta tsokano mata kishi da cewa June Allyson ta fi ta iya kuka, ita kuma ta ce ba ta yarda ba. Wato yarinyar tana da sana'arta, tana alfahari da ita, sai babba ya zo ya ce aikinsa ne. Malam ya ɗauki bakin darakta ya bar bakin yarinyar.

Yanzu mu zo kan Steven Spielberg, wanda Malam ya fi jinjina wa, kuma inda maganarsa ta fi ƙarfi. A Close Encounters of the Third Kind na 1977 akwai yaro Cary Guffey, wanda bai wuce shekara 4 ba lokacin ɗauka. Akwai fitowar da ya shigo kicin da dare ya tarar da baƙin halittu, waɗanda mai kallo ba ya gani. Fuskar yaron kawai muke kallo. Ido ya buɗe, jiki ya ɗan ja baya, kai ya juya gefe, can sai murmushi ya ɓullo a hankali. Abin da ke bayan kyamara shi ne mutum biyu a ɓoye, ɗaya cikin kayan ɗan barkwanci, ɗaya cikin rigar goggon biri. Aka bayyana su ɗaya bayan ɗaya. Sai Spielberg ya yi wa na cikin rigar birin raɗa ya cire kan, sai ga fuskar ma'aikacin da yaron ya saba da shi. Murmushin nan na ganewa ne. A wata fitowar kuma, inda yaron ke leƙen taga cike da murna, Spielberg ne a bayan kyamara yana kwance takardar kyauta sannu a hankali har kayan wasa suka bayyana.

Malam zai ce ai ga shi nan, biri ya razana yaro. Gaskiya ne, kuma ba zan ce wannan fari ne tas ba. Amma a dubi yadda aka gina abin. Razanar ta 'yan daƙiƙoƙi ce, maganinta yana tsaye a cikin rigar tun kafin a fara, kuma abin da yaron ya gano a ƙarshe shi ne manyan nan wasa suke yi da shi. Cooper kuwa abin da ya gano shi ne manyan da ke kansa za su iya karya masa zuciya da gangan saboda aikinsu. Ko a gida mun san bambancin mai ɓuya a bayan ƙofa ya ce “wa!” yaro ya zabura ya ƙyalƙyale da dariya, da mai ce wa yaro innarsa ta mutu don ya ga yadda zai yi.

Shi dai Spielberg ɗin, da ya zo E.T. a 1982, sai ya ɗauki fim ɗin kusan bi da bi yadda labarin yake tafiya, abin da furodusoshi ba sa so don yana cin kuɗi. Dalilinsa shi ne yara su shaƙu da baƙuwar halittar da ke cikin fim ɗin a hankali, ta yadda ranar bankwana za ta zama bankwana a wurinsu. Stanley Kubrick, wanda ya gasa wa babbar jarumarsa Shelley Duvall aya a hannu a The Shining, shi ne kuma ya ɓoye wa Danny Lloyd, ɗan shekara 5 zuwa 6, cewa fim ɗin na ban tsoro ne. Yaron ya gama aikinsa yana zaton labarin wasu iyali ne a otal. A fitowar da uwar ta rungumo shi tana yi wa uban ihu, mutum-mutumi ne a hannunta. Wannan ma ƙarya ce aka yi wa yaro, amma garkuwa ce aka yi masa da ita, kuma fim ɗin bai rasa ko ƙwayar tsoro ba. Duk wanda ya kalle shi da dare shi kaɗai zai ba da shaida.

Wannan ya kawo mu kan kuskuren da ke ƙarƙashin maƙalar gaba ɗaya. Malam yana zaton kyamara tana leƙa zuciya, har sai yaro ya ji abu kafin mai kallo ya ji. Tun wajajen 1920 Lev Kuleshov na Rasha ya nuna ba haka ba ne. Ya ɗauki hoton fuskar jarumi guda wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da akwatin gawa, ya sake haɗa ta da wata mace. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuska ɗaya ce ba ta canja ba. Mai kallo shi ke zuba ma'ana. Idan edita ya nuna gawar uwa an lulluɓe, ya yanka zuwa fuskar 'yar shekara 2 da ta yi shiru tana kallon wani abu, zuciyar mai kallo za ta tsinke, ko da abin da yarinyar ke kallo balan-balan ne wani ya ɗaga a bayan kyamara.

A kan wannan aka gina yawancin aikin masu ɗaukar jarirai. Fitowar rigima ana ɗaukarta kashi biyu: manya su yi ihunsu yaro ba ya ɗakin, fuskar yaro a ɗauke ta daban cikin natsuwa, edita ya ɗinke. Idan yaro yana kafaɗa bayansa kawai ake gani, 'yar tsana ta wadatar. Sautin kuka ana ɗora shi daga baya, har akwai manyan mata da sana'arsu ke nan, kwaikwayon kukan jarirai. In kuwa lallai sai an ga fuskar jariri yana kuka, ai jariri ba ya yini bai yi kuka ba. Ana shirya fitila da kyamara a jira lokacin da barci ya fara fizgarsa, a ɗauki daƙiƙa 10 ko 15, a miƙa wa uwarsa. Ana neman tagwaye don in ɗaya ya ƙi ɗaya ya karɓa, kamar yadda Mary-Kate da Ashley Olsen suka raba matsayi guda a shirin Full House daga 1987, tun ba su cika shekara ba. Ana kuma ɗaukar yaron da ya girmi matsayinsa amma yake da ƙaramin jiki: Jacob Tremblay yana shekara 8 ya fito a ɗan shekara 5 a fim ɗin Room na 2015. Ita 'yar tsana takan ba da kunya in aka yi sakaci, kamar ta American Sniper a 2014 da duniya ta yi wa dariya, amma gara a yi wa furodusa dariya.

Room ɗin nan yana da wani abu da nake so Malam ya auna. Akwai inda ake so yaron ya daka wa uwarsa ta fim, Brie Larson, tsawa, shi kuwa ya kasa saboda ya shaƙu da ita, kunya ta hana shi. Bisa ƙa'idar Malam, sai a fusata shi. Darakta Lenny Abrahamson sai ya sa duk ma'aikatan da ke wurin suka riƙa tsalle suna ihu, har abin ya zama wasa, yaron ya shiga sahu. Ihun da ke cikin fim ɗin ba ya kama da wasa ko kaɗan.

Amma babbar dabarar da ta fi duk waɗannan, wadda Malam bai ambata ba ko sau ɗaya, ita ce lokaci. Hirokazu Kore-eda na Japan ya ɗauki Nobody Knows na 2004 a tsawon kusan shekara guda, bai ba yaran takardar labari ba, sai ranar ɗauka yake faɗa wa kowa abin da zai ce. Babban cikinsu, Yuya Yagira, ya lashe gwarzon jarumi a bikin Cannes yana shekara 14. Nadine Labaki ta Labanan ta shafe wata 6 tana ɗaukar Capernaum na 2018, ta tara hoto na sama da awa 500 don ta fitar da fim na kusan awa 2. Jaririn da ke cikinsa, wanda a zahiri yarinya ce mai suna Boluwatife Treasure Bankole, 'yar wani ɗan Nijeriya da wata 'yar Kenya, ba ta wuce shekara 1 da 'yan watanni ba. Duk abin da ta yi wanda ya sa mutane hawaye, jira aka yi har ta yi shi da kanta kyamara na kunne. Mafi wuya a cikin misalan shi ne Ponette na Jacques Doillon a 1996, inda Victoire Thivisol, 'yar shekara 4, ta fito a marainiyar da ta rasa uwa, ta kuma lashe kyautar gwarzuwar jaruma a Venice, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce. Doillon ya ɗauki watanni ana hira da ƙananan yara a kan yadda suka fahimci mutuwa kafin ya rubuta maganganun, kuma an ajiye masaniyar halayyar yara tana lura da su lokacin ɗauka. Har yau ina da ɗar-ɗar a kan wasu fitowar fim ɗin. Sai dai ko ba komai ya rushe tubalin farko na Malam, cewa yaro a wannan shekarun ba ya iya gane “kamar da gaske”. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli yara suna wasan 'yar tsana, ɗaya uwa ɗaya amarya, har da kukan kai amarya, ya san suna iyawa.

To in haka ne, me tsoratarwa take saya wa darakta? Awa biyu ko uku. Shi ke nan. Rana tana faɗuwa, janareta na shan mai, mai gidan da aka ara ya fara tsaki, sai a ɗora kuɗin wannan gaggawa a kan wanda ya fi kowa ƙanƙanta a wurin, wanda bai sa hannu a kowace yarjejeniya ba.

Malam ya yi wa dokokin Kalifoniya shaguɓe, wai tsirfar Turawa ce. Ga abin da suka ƙunsa. Ba a shigar da jariri fim sai ya kai kwana 15. Daga nan zuwa wata 6, ba zai wuce awa 2 a wurin aiki ba, aikin kansa kuma minti 20, da ma'aikaciyar jinya a tsaye. Daga wata 6 zuwa shekara 2, awa 4 a wurin, aiki awa 2. Daga shekara 2 zuwa 6, awa 6 a wurin, aiki awa 3. Akwai kuma dokar Coogan ta 1939, wadda aka kafa bayan Jackie Coogan ya girma ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye dukiyar da ya tara. Yau tana tilasta a ajiye wa yaro kashi 15 cikin 100 na abin da ya samu. Me ke faruwa in aka ce dokar tana ɓata lokaci? Ranar 23 ga Yuli, 1982, wajen ƙarfe 2 na dare, ana ɗaukar Twilight Zone: The Movie, jirgi mai saukar ungulu ya faɗo a kan jarumi Vic Morrow da yara biyu da yake ɗauke da su a cikin ruwa, Myca Dinh Le ɗan shekara 7 da Renee Shin-Yi Chen 'yar shekara 6. Dukkansu suka mutu nan take. An ɗauko yaran ne ta bayan fage ba tare da izini ba, don doka ba za ta bari su yi aiki a wannan tsakar dare kusa da abubuwan fashewa ba. Kotu ta wanke darakta John Landis da abokan aikinsa a 1987. Ba ina cewa mai tsorata yaro mai kisa ba ne. Amma tunanin da ya kai yaran nan bakin ruwan shi ne wanda Malam yake karewa, cewa ainihin abu ya fi kyau a hoto, kuma minti biyu ne kawai.

Saura maganar talauci, wadda ita ce ta shafe mu kai tsaye. Na taɓa tsayawa a wani lokeshan a cikin gari inda ake buƙatar ɗan goye. Aka aika maƙwabta aka aro yarinya, ba ta fi shekara 2 ba, da kitsonta da 'yar rigar atamfa. Tun hantsi take hannun mutane har bayan la'asar, ana ba ta biskit. Da aka zo fitowarta, aka ce uwar ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Yarinya ta bi ƙofar da ido, leɓe ya fara rawa, amma kukan bai kai yadda ake so ba, sai wani hannu ya zagayo ta ƙasan zani ya mintsine ta a cinya. Aka ce “kot”, aka yi tafi. Uwar ta fito tana dariyar yaƙe, aka danƙa mata abin da bai kai kuɗin sabulu ba. Babu mugu ko ɗaya a wurin. Kowa yana ganin haka ake yi. Maƙala irin ta Malam ita ke ba su hujjar da za su ce ai har Turawa haka suke yi.

Abin da ya kamata a yi a ranar bai fi ƙarfin aljihunsu ba. A tambayi uwar lokacin da 'yarta ke barci da lokacin da take rigima, a tsara fitowar a kai, a kira su saura rabin awa maimakon a ajiye su yini guda. A bar uwar a tsaye dab da kyamara, don duk inda take nan idon yarinya zai tafi, wanda shi ne abin da mai ɗaukar hoto yake nema. A roƙe ta ta naɗo kukan 'yarta a waya ranar da ake yi mata wanka, a ba edita. A aro yara biyu masu kama da juna. Muna da Dokar 'Yancin Yara ta tarayya tun 2003, Kano ma ta samu tata dokar kare yara a 2023, amma waɗannan dokoki ne na gaba ɗaya. Abin da furodusa ke buƙata a lokeshan takarda ce guda mai lambobi: shekara nawa, awa nawa, wa zai tsaya wa yaro, nawa za a biya, a hannun wa. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da ƙungiyar masu harkar fim ta MOPPAN suna da ikon rubuta irin wannan takarda su ɗaura ta a sharuɗɗan rajista, kuma Malam, da yake alƙalaminsa yana da masu saurare a masana'antar, yana cikin waɗanda za su iya zama a tsara ta.